Yadda Muka Baro Kayan Saƙar Kawu Sale a Paris

Tun da na dawo daga Faransa ban huta da tambaya ba. A ɗakin malamai na makarantar da nake koyarwa a Ƙanƙara, da teburin mai shayi, har a ƙofar masallaci, kowa so yake ya ji ko da gaske ne ana sa wa karnuka riga, ko na hau doguwar hasumiyar nan ta ƙarfe. Nakan ba da gajeriyar amsa in wuce. To, na ga tambayar ba ta ƙarewa, ni kuma ba kullum nake iya maganar ba. Shi ya sa na zauna na rubuta tafiyar tun daga farko, mai so ya karanta.

Tafiyar ba tawa ba ce, rakiya na yi. Wanda aka gayyata shi ne Kawu Sale, yayan mahaifiyata, masaƙi ɗan masaƙa, mutumin wani ƙauye a dajin Sabuwa. Lokacin da nake yaro, mutum tara ne ke zama jere a rumfar saƙa ta ƙofar gidansu. Shekarun baya, kafin dajin ya lalace, wata Bafaranshiya mai binciken saƙa, Madam Odil, ta yi mako guda a ƙauyen tana ɗaukar hoton aikinsu. Ni na yi mata rakiya a lokacin, ta tafi da lambar wayata. A Damagaram ta koyi Hausa, Hausar tata kuma ba laifi. Bayan tafiyarta ne abubuwa suka rikice. 'Yan bindiga suka ɗauke Kawu a gona, ya yi kwana arba'in da wani abu a hannunsu, yawancin kwanakin a ɗaure, har abin ya taɓa masa hannun dama. Ko da aka sako shi an ƙone rumfar, mutanen gari sun watse. Yanzu ɗaki ɗaya ya kama a cikin garin Sabuwa shi da matarsa, Inna Rabi. Ita ce ta fito da jakar fatar da yake zuba kayan saƙarsa ranar da suka gudu.

Ta wayata saƙon Madam Odil ya shigo. Ta ce akwai wani tsohon gidan saƙa na gwamnati a Paris, wanda sarakunansu suka kafa fiye da shekara ɗari uku da suka wuce, za a yi makon masaƙan hannu na ƙasashe, suna son Kawu ya zo ya yi saƙa a gaban mutane. Za su ɗauki nauyin mutum biyu, shi da mai jin Turanci.

Na je Sabuwa na karanta masa.

"Ka ce mata muna tahe," in ji shi.

"Kawu, hannun fa?"

"Hannu ya warke."

Lokacin da ya faɗi haka, hannun yana cikin aljihun rigarsa.

A Abuja na fara ganin gaskiyar hannun, ranar da muka je neman biza. Akwai wani gilashi mai haske da ake ɗora yatsu huɗu a kai. Na hagu ya ɗauku nan take. Na dama kuwa yatsu uku sun lanƙwashe ciki, sun ƙi miƙewa. Yarinyar da ke aikin ta ce ya danna, ya danna, na'urar ta ƙi. Sai da na kama hannun da nawa biyu ina miƙar da yatsun ɗaya bayan ɗaya, na ji su sanyi ƙalau, ga zanen igiya a wuyan hannun bai ɓace ba. Da muka fito na ce, "Kawu, ko in faɗa wa matar nan halin da ake ciki?"

"Kada ka soma. Shekara hamsin hannun ga yana jefa ƙoshiya. In na zauna kan masaƙa zai tuna."

Ƙoshiya ita ce ɗan kwale-kwalen itacen nan mai ɗauke da zare, wanda masaƙi ke jefawa daga hannu zuwa hannu. Na san ba ta jefuwa da hannu ɗaya. Ban faɗa wa Madam Odil ba. Har yau ban san ko na kyauta ba.

Ranar tafiya a Funtuwa muka yi alkawarin haɗuwa. Ni na fito daga Ƙanƙara a motar wani direba mutumin Faskari, wanda ya ƙi tashi sai da motocin farko suka iso daga Sheme suka ce hanya lafiya. Duk tafiyar ba wanda ya yi magana mai tsawo, kowa idonsa na gefen titi. Shi Kawu ta Ɗandume ya biyo, ya iso ya yi jajir da ƙurar hanya, rungume da jakar fatarsa. Inna Rabi ta haɗo mana guzuri kamar masu tafiya Makka a ƙasa: ƙuli-ƙuli, garin kunu, yaji, kilishi a ƙunshe cikin takarda. Muka kwana Zariya gidan wani abokina, washegari muka wuce Abuja.

Kawu bai taɓa shiga jirgin sama ba, amma ni na fi shi tsoro. Da jirgin ya tashi ya karanta addu'ar hawa abin hawa, ya ja hularsa ya rufe ido. Abin da ya dame shi kawai shi ne an hana shi shiga da jakar fatar, an jefa ta cikin kaya. Har muka sauka yana tambayata ko ba za a danne masa matsefi ba, wato abin nan mai kama da matajin kai da ake buga zare da shi.

Da safe muka sauka. A wurin binciken kaya wani jami'i dogo ya buɗe akwatinmu, hannunsa ya faɗa kan kilishin Inna Rabi. Ya shinshina, ya girgiza kai, ya ce ba a shiga ƙasarsu da nama. Na roƙe shi da Turanci, ya amsa da Faransanci, kilishi dai ya tafi kwandon shara muna kallo. Kawu ya ce, "Ka tambaye shi ko ba ya da iyali, ya kai musu mana." Ban fassara ba. Sai aka zo kan jakar fata. Jami'in ya ɗaga ƙoshiya yana juya ta, bai gane ko mene ne ba. Kawu ya karɓa da hagu, ya kwatanta masa jifa da bugu, yana yin ƙarar da bakinsa. Jami'in ya yi murmushi, ya ce kakarsa ma tana da irin wannan. Shi da kansa ya mayar da kayan cikin jaka a hankali.

Madam Odil na jiranmu a waje. Ta tsufa fiye da yadda na tuna ta. Ta ɗan rusuna ta ce, "Malam, barka da zuwa, ina gajiya, ina mutanen gida?" Kawu ya amsa duka, ya ce mutanen gida lafiya lau. Ya ƙara gyara hannun rigarsa.

Masaukinmu ɗaki ne a hawa na huɗu na wani ƙaramin otal, gado biyu da taga mai kallon bangon maƙwabta. Akwatin hawa benen bai fi ɗaukar mutum biyu ba, Kawu ya ce shi ba zai shiga kabari da ransa ba, saboda haka kullum da ƙafa muke hawa, yana hutawa a kowane hawa. Banɗakin ba buta, sai muka yanke robar ruwa. Sanyi kuwa, ko da yake sun ce ba lokacinsa ba ne, sai da Kawu ya ɗora gwadonsa a kan rigar sanyin da aka ba shi. Haka ya yi ta yawo a Paris da gwado saƙar hannunsa, mutane na waiwayensa.

Abinci ya ba mu wuya. Burodinsu dogo ne kamar sanda, ɓawonsa ya fi ƙarfin haƙoran Kawu, sai ya jiƙa a shayi. An kawo mana wani cuku mai ɗigon kore a jiki, ya ɗaga ya shinshina ya ajiye, ya ce ko daddawar da ta kwana bakwai a rufe ta fi wannan mutunci. Kwana biyu kunun Inna Rabi ne ya riƙe mu, da ruwan zafin butar lantarki muke damawa. A rana ta uku muka ɓata a jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa, muka fito wata unguwa cike da baƙaƙen fata. Ina tsaye ina duba taswira a waya, Kawu na mita da Hausa, sai wani dattijo mai jar hula ya juyo ya ce, "Ku mutanen ina ne?" Alhaji Mamman ke nan, mutumin Maraɗi, shekararsa talatin a can. Ya ja mu wani ɗan shago ya sa aka kawo tuwon shinkafa da miyar kuɓewa. A nan na lura da cokali Kawu ke ci, da hagu, yana neman gafarar Allah a kan kowace loma. Alhaji Mamman ya gani, ya kawar da kai, ya shiga tambayar farashin gero a gida.

Abin da ya fi ba Kawu mamaki a garin shi ne rashin gaisuwa. Duk jirgin da muka shiga sai ya yi sallama. Ba mai amsawa, kowa ya sunkuya kan waya ko littafi. Ya ce da ni, "Mi aka yi musu? Ko rasuwa aka yi?" Har muka baro bai daina sallamar ba.

Gidan saƙar yana bayan wata tsohuwar ƙofa a bakin babban titi. In ka shiga sai ƙarar motoci ta ɗauke, ka ga tsakar gida shimfiɗe da duwatsu da tsofaffin gine-gine. Abin da suke saƙawa ba na sawa ba ne, ba kuma na shimfiɗawa ba. Darduma ce ta bango, wata ta fi faɗin ɗakin karatu, hoto ne sukutum aka saƙa da zaren ulu da siliki: mutane, dawaki, itatuwa, ruwa, har inuwar fuska. Daga nesa za ka rantse fenti ne. A wasu tsofaffin akwai mutanen da ba sutura sosai, Kawu ya sunkuyar da kai muka wuce da sauri.

Da muka shiga inda ake aikin, ya tsaya cak. Masaƙar a tsaye take, ta kusa taɓa rufi, zaruruwa sun sauko kamar ruwan sama. Ya ce, "Kabiru, wagga ai masaƙar mata ce." Gaskiyarsa, a wajenmu mata ne ke saƙa a tsaye, maza kuma a zaune da ƙafa. Madam Odil ta yi dariya ta ce a nan ma yanzu mata sun fi yawa. Abin mamakin shi ne a bayan aikin suke zama. Ba sa ganin fuskar abin da suke saƙawa sai ta wani ɗan madubi da aka ajiye a gaba, suna leƙawa ta tsakanin zare. Aka haɗa mu da babbarsu, Madam Sesil, mace gajera mai furfura, tabarau rataye a wuya. Ta ce dardumar da ke gabanta shekara uku ke nan suna kanta su biyu, ba su kai ƙarshe ba. Kawu ya tambayi nawa take saƙawa a yini, ta nuna masa wuri bai kai tafin hannu ba.

"To mi suke ci kafin su gama?"

Aka ce gwamnati ke biyansu albashi kamar malaman makaranta, in sun tsufa a ba su fansho, kuma akwai makaranta a cikin gidan inda matasa ke koyo. Ya sa na sake tambaya, ko ban fassara daidai ba. Aka maimaita. Ya ce, "Allah mai iko." Ya matsa kusa ya daɗe yana kallon yatsun Madam Sesil. A ɗakin rini kuma, inda aka jera ɗaurin zare launi-launi har ido ya gaji, ya nemi a nuna masa shuɗi. Ya zaɓi ɗaya ya shinshina, ya ce wannan bai ga baba ba, ganyen da muke rini da shi a gida. Mai rinin ya yarda, ya ce na zamani ne.

Washegari aka kai mu gini na biyu, inda ake ajiye kayan ɗakin ƙasar. Nan ne ma'ajiyar kujeru da tebura da gadaje da agoguna da fitilu na sarakunansu da shugabanninsu, tun na da can har na yau. In fadar shugaban ƙasa ko ofishin jakada na buƙatar kujera, daga nan ake ara, in ta tsufa a dawo da ita a gyara. Mun ga kafintoci da masu ɗinkin kujera sanye da fararen riguna kamar likitoci. Wani yana goge ƙafar tebur da ɗan burushi da bai fi na haƙori ba. Kowane abu da lambarsa a rataye, da takardar da ta faɗi wanda ya yi shi da gidajen da ya zauna.

Mun yi ta zagaye har ƙafar Kawu ta gaji. Ya hango wata kujera mai ruwan zinariya a gefe, ya tattara gwadonsa zai zauna. Mutum uku suka yi kansa a guje. Madam Odil ta ce, "Malam, yi haƙuri, wannan ta fi shekara ɗari biyu, ba a zama a kanta." Aka kawo masa ta roba. Ya zauna yana kallon waccan, ya ce, "Kujera ta samu hutu, tsoho bai samu ba." Muka yi dariya har da su, da na fassara.

Daga kan kujerar robar ne ya yi tambayar da ta canza fuskar kowa. Ya ce, "Madam, ba a taɓa yaƙi a garin nan ba?"

Ta ce an yi, ba sau ɗaya ba. An taɓa sa wa gidan saƙar ma wuta, darduma da yawa suka ƙone.

"To yaya aka yi waɗannan suka tsira?"

"Wasu an ɓoye su, wasu an gudu da su. Waɗanda suka ƙone ma mun san su, domin an rubuta."

Kawu ya gyaɗa kai. "Mu da aka ƙone namu ba wanda ya rubuta," in ji shi. A nan ne Madam Odil ta fara jin abin da ya sami ƙauyen. Ta tambayi mutanen da ta sani ɗaya bayan ɗaya, yana ba ta amsa: wannan ya rasu, wannan yana Kaduna yana gadi, wannan ba a san inda yake ba. Hannunsa dai bai ambata ba.

Ranar Alhamis ce ranarmu. Masaƙarmu ta gida ba wani abu ba ne, sanduna huɗu ne ake kafawa a ƙasa. Da yake ba a haƙa rami a ɗakinsu, kafintocin gidan suka duba tsohon hoton da Madam Odil ta ɗauka suka ƙera ta a kan katako, suka goge ta sumul. Kawu ya shafa ya ce wannan ai gadon amarya ne. Tun da safe muka ja zaren, ni ina riƙewa yana nuna mini, aka ɗaure ƙarshensa a jikin wani dutse. Da la'asar mutane suka cika ɗakin, har da ɗaliban makarantar da masaƙan wasu ƙasashe. Aka fara nuna hoton da aka ɗauka a ƙauye. Ga Kawu a bango, baƙin gemu, ƙoshiya na wucewa tsakanin hannuwansa ido ba ya iya bin ta, ga mutanen rumfa a jere suna hira. Bai ɗaga kai ya kalla ba.

Aka kunna fitila. Ya cire takalmi ya zauna, ya sa igiyoyin tsakanin yatsun ƙafa, ya yi bisimilla. Ya taka, zare ya buɗe, ya jefa ƙoshiya da hagu. Ta ratsa ta fito ta bugi hannun dama ta faɗi ƙasa. Ƙararta a kan katakon nan har yanzu ina jin ta. Na ɗauko na miƙa masa. Ya cusa ta tsakanin babban yatsa da tafin hannu, ya tura, ba ta kai rabi ba ta maƙale. Ya zaro ta, ya sake daga hagu, ta sake faɗuwa. Sau huɗu. Zufa na zubo masa duk da sanyin. Sai ya ja hannun rigar ya bar hannun a fili, kowa ya gani. Na ga Madam Odil ta toshe baki da hannu.

Ya juyo ya ce, "Kabiru, zo ka zauna."

Ina ɗan shekara goma mahaifiyata ta tura ni wurinsa hutun makaranta don in koya. Kwana shida na yi na gudo, na ce ni ɗan boko ne, abokaina za su yi mini dariya. Bai taɓa tayar da maganar ba. Yanzu ga ni a kan masaƙarsa a gaban Turawa, shekarata arba'in da biyu. Yana cewa taka dama, ina taka hagu. Na jefa ƙoshiyar ta tsinka zare biyu. Ya ɗaura da haƙori da hannu ɗaya, na sake, na sake tsinkawa. Ya ce a hankali, "Tashi, ya isa."

Madam Sesil ce ta fito daga cikin mutane. Ta cire takalminta, ta nuna masaƙar ta dube shi, alamar neman izini. Ya matsa mata. Da farko ta bakinmu ake bi, shi ya faɗa, Madam Odil ta juya. Can ya ga abin na ɓata lokaci, ya ɗauki wani ɗan kara ya riƙa buga sandar masaƙar: bugu ɗaya ta taka, bugu biyu ta jefa. Ta yi kuskure sau uku ko huɗu, daga nan hannunta ya kama. Kafin a tashi ta saƙa kusan taki ɗaya, gefensa a miƙe. Mutane suka yi ta tafi. Kawu ya sunkuya ya duba saƙar, ya ce a faɗa mata ta cika bugu da ƙarfi, amma hannunta na masaƙa ne. Da aka faɗa mata sai ta cire tabarau tana share ido.

A hanyar komawa masauki bai yi mini magana ba, bai kuma yi sallama a jirgi ba, ranar kaɗai. Da ya yi mini faɗa da na fi jin sauƙi.

Da safe ya ce in kira Madam Odil. Ya ɗora jakar fatar a kan tebur ya ce ya bar musu, su ajiye tare da kujerun nan.

Na ce, "Kawu, na kakanka ne fa."

"Shi ya sa. In na koma da su, ko gara ta ci, ko a sake koro mu a bar su a hanya. Nan ko kujera ba a bari ta lalace."

Madam Odil ta ce ba ta da ikon karɓa a ranar, irin wannan sai an zauna an duba, amma za ta riƙe su amana a wurinta har a ga inda ya dace. Ta roƙe shi ya sake tunani. Ya ce ya gama tunani tun jiya. Sai ta ɗauko takarda ta ce to ya faɗi masu kayan. Ya faɗi sunansa da na mahaifinsa da na kakansa. Ya ce ta ƙara da mutanen rumfa, ya jero su su tara, kowa da irin saƙar da ya fi iyawa, wane gwado, wane saƙi, wane fari. Ta rubuta duka, ta karanta masa, ya gyara mata biyu. Wata ma'aikaciya ta zo ta sa safar hannu ta ɗauki ƙoshiyar ta kwantar da ita cikin farar takarda. Abin da na saba gani rataye a ƙusa, kaji na bi ta ƙarƙashinsa.

Dawowa ba wani labari. Na sayo wa Inna Rabi mayafi, Alhaji Mamman ya kawo mana dabino da saƙon 'yan'uwansa. A tashar Funtuwa, muna jiran motar Sabuwa ta cika, na daure na ce, "Kawu, ina so ka koya mini."

Ya dube ni sosai. "Da gaske kake, ko tausayi ne?"

"Da gaske nake."

"To akwai mai sassaƙa a Ɗandume, zan sa ya yi ƙoshiya. Matsefi ni zan nuna maka yadda ake ɗaurawa. Ka zo ran Asabar ta sama. Baki na nan, hannu ne babu."

Asabar ɗin ban je ba, an tare hanya a ranar Alhamis, matata ta ce in bari ta lafa. Ta gaba muna jarrabawa. Ta bayanta aka yi ruwa kwana biyu, direbobi suka ce hanyar Sabuwa ba ta biyuwa. Kowane mako yakan ari waya ya kira ni, ba ya cewa komai sai, "Ƙoshiya ta iso, tana jiranka." Ni kuma in ce in sha Allahu mako mai zuwa. A mako na bakwai Inna Rabi ce ta kira. Zazzaɓin kwana uku ne ya ɗauke shi.

Ranar hanya ba ta hana ni ba. Na isa ana shirin yi masa sutura. Wani maƙwabcinsu ya dawo daga kasuwa da farin yadi a leda, irin na kanti, da tambarin kamfani a gefensa. Inna Rabi ta karɓa ta murza shi tsakanin yatsunta, ta daɗe tana murzawa. Ta ce da ni, "Duk wanda ya mutu a garinmu, tun ina amarya, da farin da kawunka ya saƙa ake rufe shi. Bai taɓa karɓar ko sisi a kan likkafani ba."

Ta miƙa mini yadin ta ce in kai wa masu wanka, suna jira. Na karɓa na kai.